Dishi-dishi a allon kwamfuta: yadda ake gano tushen matsalar kafin a kashe kuɗi a Gadarif

Allon kwamfutar da wani sashensa ya yi dishi-dishi babbar matsala ce ga wanda abincinsa ke kan lambobi. A Gadarif, birnin da ke gabashin Sudan kusa da iyakar Habasha, inda ake da ɗaya daga cikin manyan kasuwannin riɗi da dawa na ƙasar, magatakardan dillalin da ya ga 3 ya rubuta 8 a lissafin kintar na riɗi ya jawo wa kansa rigima. Haka mai shagon buga takardu da ke cike wa jama'a fom na fasfo, ko wakilin da ke duba lambar asusu kafin ya tura kuɗi ta Bankak.

Tun da yaƙi ya ɓarke a ranar 15 ga Afrilun 2023, darajar fam ɗin Sudan ta faɗi, kayan lantarki sun yi tsada, birnin kuma ya karɓi ɗimbin ƴan gudun hijira, musamman bayan faɗuwar Wad Madani a watan Disamban wannan shekara. Sayen sabon allo ya fi ƙarfin mutane da yawa. Sai dai wani kaso mai yawa na dishi-dishin da ake gani ana magance shi ba tare da biyan ko sisi ba, wani kuma ko gwanin masu gyara ba zai iya komai a kansa ba. Abin da ya kamata a fara yi shi ne gano inda matsalar take: a cikin kwamfuta, a waya, a jikin allon, ko a idon mai kallo.

Hausawan Sudan kan kira wannan na'ura shasha, kamar yadda ake faɗa da Larabci. A Nijar da Kamaru da Chadi écran ake ji, a Najeriya da Ghana kuma monita. A nan za mu kira shi allo.

Yadda shafaffen allo yake

Tsohon allo mai ƙeya yana zana hoto ne da haske mai yawo a bayan gilashi, don haka yakan karɓi kowane girman hoto ba tare da wata damuwa ba. Shafaffen allo na LCD kuwa an ƙera shi da ƙayyadadden adadin ɗigo, waɗanda ba sa ƙaruwa, ba sa raguwa. Allon da aka rubuta wa 1920×1080 yana da ɗigo 2,073,600, kowane ɗigo kuma ya kasu uku: ja, kore da shuɗi.

Ɗigon ba sa ba da haske da kansu. A baya akwai fitila, sai wasu fallayen roba masu baza haske, sai gilasai biyu da wani ruwa na musamman a tsakaninsu, sannan siririyar leda mai tace haske manne a gaba da baya. Hoto ba zai fita tangaran ba sai kowane ɗigon da kwamfuta ta aiko ya sauka daidai a kan ɗigo ɗaya na allon, kuma hasken ya ratsa waɗannan fallaye ba tare da cikas ba. Duk dishi-dishin allo daga ɗayan biyun nan yake fitowa.

Gwaji biyar da ba sa cin kuɗi

Na farko, a ja tagar da ke da dishi-dishin zuwa wani gefen allon. Idan dishi-dishin ya bi tagar, matsalar manhajar ce. Idan ya tsaya a inda yake, rubutun kuma ya washe da zarar ya bar wurin, sai a koma kan waya da allo.

Na biyu, a danna maɓallin saiti da ke jikin allon, jerin zaɓuɓɓukansa ya fito. Allon ne da kansa ke zana wannan jeri, babu ruwansa da kwamfuta. A yawancin alluna ana iya matsar da shi zuwa wurin da ake zargi. Idan rubutun jerin ya fita sarai a wurin, gilashin lafiya lau yake. Idan shi ma ya dusashe, ciwon na jikin allon ne.

Na uku, a ɗauki hoton allo da maɓallin PrtSc, a tura shi waya ta WhatsApp a matsayin takarda don kada a matse shi, a faɗaɗa a duba. Hoton allo yana ɗaukar abin da kwamfuta ta zana ne kafin ya bi waya. Idan dishi-dishin ya fito a hoton, kwamfuta ce ta haifar da shi. Idan bai fito ba, daga waya zuwa gaba yake.

Na huɗu, a yi musaya. A ari wayar maƙwabci, ko a haɗa allon da wata kwamfuta. Abu ɗaya ake sauyawa a lokaci guda, in ba haka ba ba za a san wanda ya yi maganin ba.

Na biyar, a kashe allon, a haska shi da tocilar waya daga gefe. Maiƙo, ƙarzuwa, kumburi da tabon ruwa duk sukan bayyana a haka.

Wasu allunan Dell suna da gwajin kansu da ke nuna toka-toka, ja, kore, shuɗi, baƙi da fari ɗaya bayan ɗaya ko da ba a haɗa su da kwamfuta ba. Tabon da ya fito a wannan gwaji na jikin allon ne.

Idan daga saiti ne

Abin da ya fi yawan jawo dishi-dishi shi ne aika wa allo hoton da bai yi daidai da adadin ɗigonsa ba. Idan aka aika 1366×768 zuwa allo mai 1920×1080, dole allon ya miƙe hoton, kowane ɗigo ya shafi ɗigo ɗaya da ɗoriya. Sakamakon haka wasu haruffa su yi kauri, wasu su yi siriri, har mutum ya ɗauka wani sashe ne kawai ya lalace.

A Windows, a danna daman linzami a kan fuskar kwamfuta, a shiga saitin nuni, a zaɓi adadin da aka rubuta wa Recommended, ko recommandé a kwamfutar da ke Faransanci. Ga adadin da aka fi samu a allunan da ke yawo a kasuwannin kayan hannu:

Inci 17 da 19 masu kusan murabba'i: 1280×1024
Inci 18.5 mai faɗi: 1366×768
Inci 19 mai faɗi: 1440×900
Inci 20 mai faɗi: 1600×900
Inci 22 na da: 1680×1050
Inci 21.5 zuwa 24: 1920×1080

Lambar samfurin da ke manne a bayan allo ita ce ke tabbatar da adadin gaskiya.

Wani lokaci adadin da ake nema ba ya cikin jerin, kwamfuta ta maƙale a 1024×768. Dalili biyu ne suka fi jawo haka. Ko dai an sake ɗora Windows ba a saka direban hoto na Intel, AMD ko NVIDIA ba, sai a ga sunan Microsoft Basic Display Adapter a jerin na'urori. Ko kuma wayar ta lalace ta yadda allon ya kasa sanar da kwamfuta adadin ɗigonsa. Maganin na farko saka direba, na biyu sauya waya.

Masu haɗa laftof da babban allo su kula da maɓallin Windows da P. Idan aka zaɓi kwafi, wato hoto ɗaya a alluna biyu, kwamfuta takan ɗauki adadin da duka biyun za su iya, galibi na ƙaramin, sai babban ya dusashe. A zaɓi faɗaɗawa, ko allo na biyu kaɗai.

Akwai kuma batun girman rubutu. Idan aka ɗaga shi zuwa kashi 125 ko 150 cikin ɗari, sababbin manhajoji kan sake zana haruffansu da kyau, tsofaffi kuwa Windows kan miƙe su kamar hoto. Tsofaffin manhajojin lissafi da na sito sun fi fama da wannan. Alamarsa ita ce taga ɗaya ta dusashe, sauran suna sarai. Ana gyara shi ta danna dama a kan alamar manhajar, a shiga Properties, sai Compatibility, a sauya saitin DPI ta yadda manhajar za ta kula da girman da kanta. Rubutun zai iya ƙanƙancewa, amma zai fita.

Idan haruffa na da jan baki ko shuɗin baki, a rubuta ClearType a gurbin bincike na Windows, a bi matakan, a riƙa zaɓen samfurin da ya fi fita. Wannan ya fi taimaka wa mai aiki da rubutun Larabci ko Ajami, inda ɗigo ɗaya ko biyu ke raba harafi da harafi. A kuma duba saitin kaifi da ke jikin allon. Idan ya yi ƙasa hoto kan yi laushi, idan ya yi sama farin zobe kan kewaye haruffa. Mayar da allon kan saitin kamfani yakan daidaita shi.

Wayar VGA, inda aka fi yin kuskure

VGA ita ce waya mai shuɗin kai da allurai 15, wadda kamfanin IBM ya fito da ita a 1987. A 2010 Intel da AMD da wasu manyan kamfanoni suka sanar da shirin daina amfani da ita zuwa 2015, amma har gobe tana aiki a ofisoshi da shaguna daga Gadarif zuwa Maraɗi, saboda tsofaffin kwamfutocin ofis da ake shigowa da su.

Wannan waya ba ta aika hoto ɗigo-ɗigo a lissafe kamar HDMI, DisplayPort ko DVI na dijital. Tana aika shi ne a matsayin wuta mai hawa da sauka, sai allon ya yanka kowane layi da kansa ya raba wa ɗigonsa. Idan yankan bai zo daidai ba, sai a ga ratsi-ratsi a tsaye daga sama zuwa ƙasa: wani sashe sarai, na kusa da shi dishi-dishi, na gaba sarai. Da yake ratsin ba ya motsi, mutane da yawa kan ɗauka gilashin ne ya mutu, su sayar da lafiyayyen allo a kuɗin banza.

Maganin yana jikin allon. A buɗe shafi mai cike da rubutu wanda ya rufe allon baki ɗaya, sannan a danna maɓallin Auto. Idan aka danna shi a kan baƙin hoto ko bidiyo, allon ba ya gane inda gefuna suke, sai ya daidaita ba daidai ba. Idan Auto bai wadatar ba, a shiga jerin saiti a nemi Clock da Phase. A Faransanci Horloge da Phase ne, a allunan Samsung kuma Coarse da Fine. A fara da Clock, a riƙa matsawa kaɗan-kaɗan, ratsin zai riƙa faɗaɗa yana raguwa har ya ɓace. Sai a koma Phase har rawar da haruffa ke yi ta tsaya. Waɗannan zaɓuɓɓuka kan kasance a rufe idan allon na kan waya ta dijital, domin ba a buƙatarsu.

Wayar da kanta takan jawo wata alamar daban: inuwa a daman kowane harafi, kamar an ja tawada da yatsa. Siririyar waya mai arha, doguwar waya, ko biyu da aka haɗa, su ne kan gaba wajen haka. A duba alluran kanta. Na 1 da na 2 da na 3 su ne ke ɗauke da ja da kore da shuɗi, idan ɗaya ya lanƙwashe launin allon kan sauya. Na 12 da na 15 su ne hanyar da allo ke gabatar da kansa ga kwamfuta. A ɗaure kusoshin nan biyu na gefe, a raba wayar da wayoyin wuta.

Idan kwamfuta da allo duka suna da HDMI, DVI ko DisplayPort, sauya waya kaɗai ya kashe wannan matsala. Ƙaramar na'urar da ke juya HDMI zuwa VGA ba ta kashe ta, domin ƙarshen tafiyar VGA ne. Ita kuwa waya ta dijital idan ta lalace ba ta kawo dishi-dishi. Tartsatsin ɗigo take kawowa, ko hoto ya riƙa ɗaukewa yana dawowa.

Idan talabijin ce aka mayar allo

Shaguna da gidaje da yawa na haɗa kwamfuta da talabijin. Talabijin kan faɗaɗa hoto kaɗan ta yanke gefunansa, hakan kuma na lalata daidaiton ɗigo da ɗigo. A nemi Just Scan a LG, Screen Fit ko Fit to Screen a Samsung, Full Pixel a Sony. A kuma sanya wa mashigar HDMI ɗin suna PC idan akwai wannan zaɓi, domin ba tare da shi ba talabijin da yawa kan rage bayanan launi, sai jan rubutu ko shuɗi ya cakuɗe alhali baƙi a kan fari yana fita.

Akwai abin da saiti ba ya gyarawa. Allo mai inci 24 da 1920×1080 yana da ɗigo kusan 92 a kowane inci. Talabijin mai inci 32 da 1366×768 tana da kusan 49. Wanda ya zauna dab da ita dole ya ga haruffa da gefuna masu kaushi.

Wutar lantarki

Wutar Sudan bolt 230 ce, amma yankewa da hawa da sauka sun zama ruwan dare. A watan Janairun 2025 harin jirage marasa matuƙa a kan tashar wuta ta Shuwak ya jefa Gadarif da Kassala cikin duhu. Mutane da yawa sun koma kan janareta da sola.

Ƙaramin janareta da inbata mai arha kan fitar da wuta mai datti. A kan VGA ana ganinta kamar igiyar ruwa mai hawa a hankali, ko rawar haruffa. Gwajinsa mai sauƙi ne: a zare cajar laftof a bar ta a kan batir. Idan igiyar ta tsaya, wutar ce. A haɗa kwamfuta da allo a soket ɗaya, a tabbatar akwai wayar ƙasa, ko a koma waya ta dijital.

Allunan da ke da adafta a waje na buƙatar tasu ta asali. Na Samsung da yawa bolt 14 suke ci, na LG bolt 19, wasu kuma 12. Adaftar da ba ta kai ƙarfin ba kan sa haske ya riƙa rawa, wadda ta wuce kuma tana iya ƙona allon. Abin da ake buƙata a rubuce yake a bayansa.

A cikin allo akwai ƙananan kafasito masu kama da gwangwani. Zafi ne ke cinye su: a ƙa'idar masu ƙera su, duk ƙarin zafi na digiri 10 kan rage rabin rayuwarsu. Idan suka kumbura, allon kan yi jinkirin kamawa, hoto ya yi rawa na ƴan mintoci kafin ya daidaita. Wannan gyara ne mai arha a wurin wanda ya iya. Kada mai allo ya buɗe da kansa, domin babban kafasito na iya riƙe wuta sama da bolt 300 bayan an zare filogi.

Ƙura, hayaƙi, laima da zafi

Gadarif na da yanayi biyu masu wahalar da allo. A watannin Maris zuwa Mayu zafi kan kai ko ya haura digiri 40, alhali yawancin kamfanoni na ƙayyade digiri 35 ko 40 a matsayin iyakar da allo zai yi aiki. Daga Yuni zuwa Satumba kuma damina ce, iska ta cika da laima. A tsakani akwai ƙura, musamman lokacin girbi da sussukar dawa. Masu karatu a Damagaram, Garwa ko zangon Kumasi sun san irin wannan da hunturu.

Hayaƙin turaren wuta da na gawayin shayi da gahawa kan bar siririn maiƙo a fuskar allo, ƙura ta manne a kai. Wannan ne dishi-dishi mafi sauƙin magani. A kashe allon ya huce, a fara kaɗe ƙurar da busasshen ƙyalle mai laushi ba tare da dannawa ba, domin yashi na ƙarzar ledar gaba. Sai a ɗan jiƙa wani ƙyallen da tataccen ruwa, irin wanda ake ƙara wa batirin sola, ba mai asid ba. Ruwan rijiya ko na tanki kan bar farin tabo. Kada a fesa ruwa a kan allon kai tsaye: yakan gangara ya shiga ƙasan firam, inda siraran wayoyin gilashin suke. Fetur, kananzir, tina, turare da ruwan goge tagogi duk suna cinye rufin da ke hana ƙyalli, tabon da suka bari kuma ba ya fita.

Tabo mai kama da gajimare ko taswira, wanda ke sauya siffa daga rana zuwa rana, alamar laima ce a tsakanin fallayen ciki. A zare filogi, a ajiye allon a inuwa mai iska na wasu kwanaki. Kada a shanya shi a rana. Sau da yawa laimar kan bushe, ko da yake tana iya barin zobe.

Idan fuskar allon ta yi kumburi ko ƙuraje daga tsakiya, tana kuma warin tsami irin na khal, ledar da ke tace haske ce ta ruɓe saboda zafi da laima. An fi ganin haka a allon da aka daɗe da ajiyewa a rufaffen sito ko akwati, abin da ya shafi duk wanda ya ɓoye kayansa lokacin gudun hijira. Ƙwararren mai gyara na iya ɓare ledar ya manna sabuwa, matuƙar ya samu wadda kusurwarta ta dace.

Tabo fari ko baƙi-baƙi da ba ya motsi, wanda ya fi fita a kan launin toka, galibi daga matsi ne: an danna da yatsa, an ɗora kaya a kai, ko an ɗaure allon da igiya a bayan mota. Wannan ba ya gyaruwa. Ƙwaro ko ƙurar da ta shiga bayan gilashi kuwa kan yi ɗan tabo mai laushin gefe. Kada a danna ƙwaron, in ya mutu a nan ya zauna ke nan. A kashe allon, a kunna fitila a gefe, wataƙila ya fito da kansa.

Fitila da kayan ciki

Allunan da aka ƙera kafin wajejen 2010 galibi suna da siraran fitilu masu kama da dogon ƙwan lantarki. Idan suka tsufa, gefe ɗaya kan yi duhu, hoto ya yi ja-ja da an kunna, daga baya allon ya riƙa ɗaukewa bayan daƙiƙa biyu. Waɗannan fitilu na ɗauke da sinadarin makuri mai guba, kuma suna aiki da wuta mai ɗaruruwan bolt. Kada a fasa su, kada a bar yara su yi wasa da su. Sababbin alluna na amfani da jerin ƙananan fitilun LED. Idan wasu suka mutu, sai a ga inuwa tana tasowa daga gefe. Duka biyun ana iya sauya su.

Matsalar da ta fi tsanani ita ce rabin allo, ko wani yanki mai miƙaƙƙen gefe, ya riƙa nuna hoto biyu-biyu, ko ya yi jinkiri, ko layuka su ratsa shi. Wannan na nuna siraran wayoyin da ke manne da gilashin sun saki, ko ƙaramin faifan da ke sarrafa gilashin ya samu matsala. Faifan ana sauya shi, wani lokaci ma goge bakin wayarsa ya isa. Mannin gilashi kuwa sai da injin na musamman, kuma gilashin shi ne mafi tsada a jikin allo.

Akwai abubuwa uku da ke kama da lalacewa alhali ɗabi'ar allon ce. Inuwar tsohon hoto da ke saura bayan an daɗe a shafi ɗaya takan ɓace idan aka kashe allon LCD na wasu sa'o'i. Allo mai arha na nau'in TN kan yi duhu ta sama, ya koɗe ta ƙasa, gwargwadon inda aka kalle shi, don haka a karkata shi ya fuskanci ido. Jan wutsiya da rubutu ke yi lokacin da ake gungura shafi shi ma ba ciwo ba ne, matuƙar yana washewa da an tsaya.

Idan ido ne

Idan wani ya kalli allon ya ce shi bai ga komai ba, a gwada ido. A buɗe shafin Excel wanda babu komai a ciki, a rufe ido ɗaya, a kafa ɗayan a tsakiya, sannan a sauya. Idan dishi-dishin na bin inda aka kalla, ko layuka sun karkace a ido ɗaya kawai, likitan ido za a nema. Mai ciwon sukari ko hawan jini kada ya yi jinkiri, haka duk wanda abin ya zo masa farat ɗaya. Wanda ya haura shekara 40 kuma yana ganin ƙananan haruffa na cakuɗewa, mai yiwuwa tabarau yake buƙata. Tazarar santimita 50 zuwa 70 tsakanin ido da allo ita ce aka fi ba da shawara.

A gyara ko a sauya

Saiti, direba, Auto da goge fuska ba sa cin kuɗi. Waya, adafta da kafasito gyara ne mai arha. Fitila da ledar gaba sai an kwatanta kuɗin aikin da farashin wani allon na hannu. Tabon matsi, fasasshen gilashi da sakin manni ba su cancanci a kashe musu kuɗi ba. Idan tabon na gefe ne, ana iya ci gaba da aiki da allon ta hanyar kauce wa wurin, amma ba a aikin lambobi ba.

Wanda zai kai wa mai gyara ya tafi da wayarsa da adaftarsa, ya faɗi gwajin da ya yi da abin da ya gani, ya nemi a faɗa masa kuɗi kafin a buɗe, a kuma nuna masa abin da aka cire.

Mai sayen allo na hannu kuwa kada ya yarda da bidiyon da mai shago ya kunna masa, domin hoto mai motsi na ɓoye tabo. Ya nemi a nuna masa fari zalla, baƙi zalla da toka-toka, sannan shafi mai ƙananan rubutu a kan adadin ɗigon allon na asali. Ya bar shi a kunne na minti 15 ko fiye, ya shinshina fuskarsa, ya duba ko yana da mashigar HDMI, DVI ko DisplayPort. A gida ko shago, a nisanta shi da taga da kaskon turare, a bar sarari a bayansa don iska, a rufe shi da ƙyallen auduga bayan ya huce maimakon leda mai tara gumi, a kuma zare filogi idan an ɗauke wuta har sai ta dawo ta daidaita.